Kallon tsuntsaye a tabkin Tabalak: abin da ake biya da abin da ake samu

A garin Tawa akwai wasu matasa da suka kama wata sana'a wadda ba a saba gani ba a ƙasar Adar, wato kai mutane tabkin Tabalak a lokacin ɗari domin su kalli tsuntsayen ruwa, musamman baƙin da suke saukowa daga Turai da arewacin Asiya su yi watanni a wurinmu. Suna ɗaukar mutum da mota tun da asuba, su haɗa shi da ja-gora da mai jirgi, su ara masa madubin hangen nesa, su ciyar da shi da rana, sannan su maido shi gari kafin la'asar ta yi sanyi. Na bi su a watan Janairu tare da wasu abokan aikina malaman makaranta, kowannenmu ya biya jika 15, kuma a ganina tafiyar ta ci kuɗinta har da ƙari, sai dai akwai wata ɗabi'a guda da suke yi wadda idan ba su bar ta ba, da hannunsu za su kori abin da suke cin abinci da shi. Ba zan kama sunansu ba, domin gyara nake nufi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas ya san Tabalak, ko da kuwa ta soyayyen kifin da ake miƙo wa matafiya ta tagar mota ne. Garin yana da nisan kimanin kilomita 50 daga Tawa ta arewa maso gabas, a kan hanyar da ke wucewa Abalak, kuma tabkin ya miƙe cikin kwari kusa da shi, yana cika da damina, yana ja da baya sannu a hankali har bazara. Abin da yawancinmu ba mu kula da shi ba shi ne, tun shekarar 2005 aka shigar da wannan ruwa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekara ɗaya da tabkin Ɗan Dutsi, shi ma a jihar Tawa, da na Lasuri a jihar Damagaram. An ƙulla yarjejeniyar ranar 2 ga Fabrairun 1971 a garin Ramsar na ƙasar Iran, Nijar ta shige ta a 1987 da gandun dajin W a matsayin wurinta na farko, kuma a yau ƙasashe fiye da 170 ne suke cikinta. Ja-goranmu ya yi wannan bayani tun muna cikin mota, kuma na ji daɗi da bai zuzuta maganar ba. Ya faɗa mana sarai cewa kada mu sa ran ganin shinge ko ƙofar shiga, domin yarjejeniyar ba ta raba mutane da ruwansu, abin da take nema shi ne a ci moriyar ruwan ta hanyar da ba za ta kashe shi ba. Saboda haka masunta suna nan da komarsu, masu garake suna nan da injin ban-ruwa, makiyaya Fulani da Abzinawa suna kawo dabbobinsu, tsuntsaye kuma suna neman abincinsu a tsakanin waɗannan duka.

A kan cika alkawarin lokaci ba ni da ƙorafi. An ce mana bayan sallar asuba, kuma bayan sallar asuba aka tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da sanyin safiya ne tsuntsayen bakin ruwa suke kiwo a fili, kafin iskar hunturu ta taso ta turnuƙe wurin da ƙura, kafin kuma garken shanu su sauko. Motar ta kwana biyu, amma direban natsattse ne, kuma mun isa rana tana ɗagowa.

Ja-goran, wani saurayi da ya karanta ilimin muhalli, shi ne mafi daraja cikin abin da mutum yake biya. Da muka sauka bai kai mu jirgi kai tsaye ba. Ya zagaya da mu har wani wuri da ruwa ya janye ya bar taɓo, ya tsayar da mu yadda rana za ta kasance a bayanmu, ya ce mu tsuguna mu yi shiru. Da farko ido ba ya ganin komai sai balbelu da ƙasa baƙa. Can sai ya matso ya yi ƙasa da murya, ya ce: "Mushe, ɗora madubin a bakin ruwa, hagu da wancan kututture." A nan na ga wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka, cikinsa fari, wanda tafin hannu zai iya rufe shi, yana gudu-gudu a kan taɓo yana saran ƙasa da gajeren bakinsa ba ƙaƙƙautawa, ya tsaya, ya sake zabura. Nauyinsa a yawancin lokaci bai wuce giram 30 ba, kuma an ƙyanƙyashe shi ne a ƙarshen arewacin duniya, a gaɓar Rasha ko ta Nowe, inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar lokacin zafinsu. Bayansa, cikin ruwa mai ɗan zurfi, akwai wani mai fari da baƙi, siririn baki, da dogayen ƙafafu jajaye waɗanda suka fi ƙarfin jikinsa, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da natsuwa. Sannan ga wani taro na masu ruwan ƙasa, manya da ƙanana a haɗe, waɗanda muka ɗauka iri biyu ne, sai ja-goran ya nuna mana cewa iri ɗaya ne, manyan maza ne, ƙananan kuwa mata. Idan suka koma ƙasar haihuwarsu mazan suna fitar da wani tulin gashi a wuya, kowa da launinsa, su taru a fili suna gwada kansu gaban mata, amma mu a nan ba mu taɓa ganinsu cikin wannan ado, domin cikin kayan tafiya suke zuwa mana.

Abin da ya burge ni da saurayin nan shi ne bai tsaya a kan sunaye ba, ya bayyana dalilin zuwan. Lokacin da sanyi yake daskarar da ruwa da ƙasa a arewa, a lokacin ne tabkunanmu suke cike da ruwan damina, kuma kullum ruwan ya ja baya sai ya buɗe sabon taɓo mai tsutsotsi da ƙwari da ƴaƴan ciyawa. Baƙin suna fara isowa daga wajen Satumba da Oktoba, suna juyawa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Tsakaninmu da tekun Bahar Rum akwai Sahara, wadda faɗinta ya kusa kilomita 2,000 a wurare da dama, saboda haka ruwayen Sahel su ne masha ta farko ga mai saukowa, kuma ta ƙarshe ga mai komawa. Manyan masauki sanannu ne: bakin kogin Senegal, fadamar kogin Kwara a tsakiyar Mali, dausayin Haɗeja da Nguru, da tabkin Cadi. Amma tsakanin waɗannan akwai tazara mai yawa, kuma ƙananan tabkuna irin su Tabalak su ne suke cike giɓin. Alaƙar ta fito fili a 1969, lokacin da masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsun kurmi da yake yin sanyinsa a Sahel ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda, bayan ƙarancin ruwan da aka yi a nan a 1968. Ke nan farin da ya ci gaba har ya hallaka dabbobin iyayenmu a 1973 da 1984 ya bar tabonsa har a gonakin Turai. Na daɗe ina koyarwa a kan waɗannan shekaru na yunwa, kuma wannan fuska ce tasu da ya kamata ɗalibanmu su ji.

Daga nan aka shiga jirgi, aka koma hannun wani dattijo masunci wanda ya kai ja-goran ilimi ta wata hanyar. Yana tuƙi ba tare da filafilin ya yi ƙara ba, yana ratsa tsakanin itatuwan bagaruwa da suke tsaye cikin ruwa, kuma ya san nisan da kowane irin tsuntsu yake yarda a kusance shi. Da ya ga wuyan dinya ya miƙe sai ya tsai da jirgin, ya bar iska ta tura mu. A haka muka samu kallon kirinjijiya jere a kan wani tsibirin yashi suna fito, fararen fuskokinsu duk sun juyo wajenmu, da zalɓe tsaye shi kaɗai a bakin ciyawa. Cikin kirinjijiyar ne ja-goran ya zaƙulo mana ƙananan agwagin Turai masu ruwan ƙasa, kawunansu cuse cikin fiffike suna barci, wasu daga cikin mazan sun fara fitar da farin zanen da yake tasowa daga saman ido ya lanƙwasa zuwa wuya, alamar lokacin komawa yana matsowa. Ɗaya daga cikin abokaina ya tambaya: "Baba, ina shamuwa?" Dattijon ya ce: "Shamuwa a ɗari, Malam? Ai ita sai gabanin damina. Waɗannan na sanyi ne, in sun tashi ita ke shigowa." Ja-goran ya ƙara da cewa shamuwa ita ma matafiyiya ce, amma a cikin Afirka take kai da kawowa, tana haihuwa a wurinmu da damina, ta yi kudu zuwa gabashi da kudancin nahiyar idan ruwa ya ɗauke. Ayari biyu ke nan suke karɓeɓeniya a kan ƙasa ɗaya, kuma masunta sun riƙe wannan lissafi tun kafin a rubuta shi.

Dattijon ya ce a rayuwarsa ya ga tsuntsun da ya faɗa kalli da zoben ƙarfe a ƙafa, an yi rubutu a jikinsa. Wannan ya buɗe wa ja-goran hanyar bayani mai daɗi. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak mai suna Mortensen ne ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a 1899, domin duk inda aka tsinci tsuntsun a san daga ina ya fito. Kafin nan, a 1822, an harbo wata farar shamuwar Turai a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, kuma ita ce ta zama babbar shaidar cewa tsuntsayen da suke ɓacewa daga Turai da sanyi Afirka suke zuwa. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Ya roƙi dattijon cewa duk wanda ya sake samun irin wannan zobe ya rubuta lambar da ranar da wurin ya kai wa jami'an gandun daji, domin da irin waɗannan bayanai, da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya wadda ake yi kowane Janairu tun 1967, ake gane ko wani iri yana ƙaruwa ko yana ƙarewa. Shi kuma dattijon ya nuna mana da filafili wani wuri inda ya ce a ƙuruciyarsa gora ba ta taɓa ƙasa, yanzu kuwa yashi ne da ƙoramu suke kwasowa daga tuddan da aka sare itatuwansu. Haɗa waɗannan mutane biyu cikin jirgi ɗaya shi ne mafi kyawun dabarar masu shirya tafiyar.

Yanzu ga laifin da na ambata. Muna tsakiyar kallon agwagin nan masu barci, sai ɗaya daga cikin shugabannin tafiyar, wanda yake cikin jirgi na biyu, ya ce kowa ya shirya wayarsa, ya karɓi filafili ya riƙa buga gefen jirgi yana ihu. Tsibirin ya tashi gaba ɗaya, sama ta cika da fiffike da kuka, aka ɗauki bidiyon da za a sa a Facebook da WhatsApp. Ba zan ɓoye ba, kallon yana ɗaukar ido. Amma wanda ya saurari bayanin safiya ya san abin da aka yi. Waɗannan agwagi da dare da magariba suke yawan kiwo, rana kuwa ta hutu ce gare su, kuma a makonnin nan kitse suke tarawa, wanda shi ne guzurin da za su ƙetare Sahara da shi, inda babu ci babu sha. Tashi a firgice yana cin ƙarfi ƙwarai, kuma idan an maimaita shi kowace ranar da aka kawo baƙi, guzurin ne ake zaftarewa. Bayan haka tsuntsu yana gane wurin da ake damunsa, ya ƙaurace masa, ya koma gefen da jirgi ba ya kaiwa. Ja-goran ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, da alama don mai bugun yana gaba da shi. Dattijon ne ya juya ya ce: "Ɗana, baƙi ne fa, daga nesa suke. Bar su su huta." Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne ba a ma bukatar wannan bugu. Ba a jima ba wani shaho mai farautar fadama, shi ma baƙon sanyi ne, ya biyo bakin ciyawa ƙasa-ƙasa da fikafikansa a ɗage, wani garken ya tashi da kansa, muka ga irin kallon nan ba tare da hannun kowa ba. Mai haƙuri zai samu hotonsa.

Akwai wasu kurakuran da suka shafi lafiyar mutane. Babu rigar kariya daga nutsewa ko ɗaya cikin jiragen biyu, alhali yawancin mutanen Tawa ba su iya iyo ba, kuma jirgin masunta ba a yi shi don mutum shida masu miƙewa su ɗauki hoto ba. Ba a kuma gargaɗe mu a kan tsargiya ba, cutar da ake ɗauka ta fata idan an shiga ruwa kwantacce mai dodon-koɗi, har wasu suka tuɓe takalma suka taka ruwa wajen shiga jirgi. Takalman roba ƴan ƙalilan da katako guda na takawa sun isa su magance wannan. Madubin hangen nesa bai kai yawan mutane ba, ɗaya ƙura ta shige shi, littafin hotunan tsuntsaye kuma guda ne, da Faransanci, ana miƙa shi hannu zuwa hannu. A ɓangaren yabo, ja-goran ya hana wani yaro ɗaukar mushen tsuntsu da ya gani a gaɓa, ya tuna mana cewa murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a ƙasar nan, a Magariya a 2006, ya ce duk mushen da ba a san dalilinsa ba a bar shi a sanar da likitan dabbobi.

Abincin rana ba shi da makusa. Karfasa ce da aka kamo da safiyar, wata mata a garin ta soya ta, aka kawo da yaji da yankakkiyar albasa da tumatir na garaken bakin tabki, da burodi, sannan aka dafa shayi a gindin itace. Na lura sun tattara ledoji da robobin ruwa sun maido su mota, abin da ba kowane mai kai baƙi yake yi ba.

Inda aka yi asarar lokaci shi ne bayan abincin. An bar mu zaune har azahar ta gota ba tare da wani shiri ba, sannan aka kama hanya. Na fahimci dalilin komawa da wuri, domin tafiyar dare a wannan hanya ba abin so ba ce, amma ana iya amfani da tsakar ranar a shiga garake a gana da manoma, tunda su ne suka fi kowa tasiri a kan ruwan. Ni da wani abokina mun taka da kanmu, muka ga albasa da dankali da rogo da tattasai a kan ƙasar da ruwa ya janye, muka ga ƴan tsuntsaye masu rawayan ciki, su ma ƴan Turai, suna kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Mun kuma ga gwangwanin maganin feshi yashe a bakin wata hanyar ruwa. Duk abin da aka wanke a nan cikin tabki yake ƙarewa, ya shiga kifin da muka ci da tsutsar da tsuntsu yake ci. Ziyarar da ta kawo mutane su ga tsuntsaye ta rufe ido daga wannan, ta bar rabin aikinta. Haka ma batun farauta, wanda dokar ƙasa ta 1998 a kan farauta da kare namun daji ta tsara, ya cancanci a yi wa baƙi bayaninsa a gaban mutanen garin. Ina kuma ba su shawara su riƙa bayyana wa mai biya kason da yake zuwa ga mai jirgi da mai dafa abinci, domin masuncin da yake samun wani abu daga tsuntsu mai rai shi ne zai fara hana yara kafa masa tarko.

Wanda yake son zuwa ya zaɓi tsakanin Disamba da tsakiyar Fabrairu, lokacin da baƙin suke da yawa kuma taɓo ya buɗe. Ya sa tufafi masu duhun launi ba farare ba, ya ɗauki rigar sanyi domin asubar bakin ruwa tana cizo, ya taho da rufaffen takalmi da ruwan shansa, ya kuma tambayi halin da hanya take ciki kafin ranar. Ayarin da bai wuce mutum biyar ko shida ba ya fi, domin yawan mutane yawan surutu ne. Kafin ya biya kuɗi ya faɗa musu a fili cewa ba ya son a tayar masa da tsuntsaye, tunda suna yin abin ne don suna tsammanin shi baƙo yake so. Ni na riga na gaya musu cewa zan kawo ɗaliban ajina kafin baƙin su juya, bisa sharaɗi biyu: a samo rigunan kariya daidai yawan yaran, kuma filafili ya zauna a hannun dattijon.